Bututun da ke Bayan Kunnena

Ku da kuka daɗe kuna bibiyata, da ku da yau kuka fara cin karo da ni, ku gyara zama. Akwai maganar da na yi ta kewayewa tun da na fara ba ku labarina. Yau zan faɗe ta.

Akwai bututu a cikin kaina.

Siririyar roba ce, ba ta kai kaurin igiyar cajar waya ba. Ta taso daga cikin ƙwaƙwalwata, ta biyo ƙarƙashin fata ta bayan kunnena na dama, ta gangaro wuya, ta ratsa ƙirji, ta ƙare a cikina. In kika ɗora yatsa a bayan kunnen za ki ji wani ɗan tudu kamar maɓallin riga. Shekarata ashirin da shida, ban san rayuwa babu shi ba. Ina da wata huɗu aka sa mini na farko, bayan sanƙarau ya kama ni ina jaririya. Ina shekara goma sha ɗaya aka canza, don na yi tsawo ya yi mini kaɗan. Tun daga nan lafiyata ƙalau. Na yi makaranta, na koyi ɗinki, yanzu ina aiki a wani shagon labule mai keke huɗu, kuma ni uwar ɗakina take ba aikin da ba ta son a ɓata.

A gidanmu ba a kiran sunansa. "Abin nan" ake cewa. "Auta, kada ki ɗaure ɗankwali da ƙarfi ta wajen abin nan." Ni ce Autar. Babanmu ya rasu, yayyena duk suna gidajensu, daga ni sai Umma a ɗaki biyu da falo. Sai kuma Goggo, yayar Baba, wadda ba a gidan take ba amma kujerarta tana nan, ba mai hawa.

Shekara uku da suka wuce na taɓa gaya wa wani mai nemana da aure. Malamin makaranta ne, mai yawan murmushi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce Allah ya ƙara lafiya. Daga nan saƙonsa ya fara gajarta, daga layi biyar ya koma biyu, ya koma "lafiya lau", ya ɗauke. Daga baya maganar ta dawo mana ta bakin maƙwabciya, wai danginsa sun ce yarinyar tana da taɓin hankali, har waya aka jona mata a ka. Umma ta yi kwana biyu ba ta fita ko ƙofar gida ba.

Sai ga Mai Tabarau. Haka na ajiye sunansa a wayata tun ranar da na je shagonsu a gyara mini ƙafar tabarau da ta karye. Shi ne mai yanka gilashi ya zaunar da shi a firam, a wani ɗan ɗaki na baya mai warin roba. Dogo ne, ba ya son surutu, kuma kullum akwai ƙaramar sukundireba a aljihun rigarsa. Ya gyara, ya goge, ya sa mini da hannunsa, ya ce, "Kunnenki na dama ya ɗan fi na hagu tudu, bari in lanƙwasa miki wannan ƙafar." Daidai kan abin nan yatsansa yake. Bai ƙara komai ba, ya lanƙwasa kawai. Wata bakwai ke nan. Yanzu manyansa sun ce za su zo su ga manyanmu, Asabar ta sama.

Ranar Lahadi Goggo ta zo da yadin da zan ɗinka na sawa ranar zuwansu. Ruwan toka ne mai ɗan sheƙi, ta ce kala mai hankali. Na shimfiɗa shi a kan kafet ina aunawa, su biyu suna shan shayi a kaina.

Na ce, "Umma, ina so in gaya masa kafin su zo."

Kofin Umma ya tsaya a hanya. Goggo ce ta amsa.

"Ki gaya masa me?"

"Maganar abin nan."

"Ya tambaye ki?"

"A'a."

"To da ya tambaya kika ce babu, wannan ita ce ƙarya. Wanda bai tambaya ba, shiru aka yi masa. Kowace mace da kika gani a ɗakinta akwai abin da ta shiga da shi ba ta yi shela ba. Ni da haƙorin roba na shiga gidan mijina, sai da muka shekara ya sani, kuma ga shi har ya mutu bai kai ni ƙara ba."

Na so in yi dariya, amma na ga fuskar Umma.

Umma ta ce, "Auta, ba a hana ki faɗa ba. Lokaci ake so ki duba. In an ɗaura, kin zama tasa, ya san halinki, sai ki zaunar da shi. Yanzu in kika faɗa, ba shi zai yanke hukunci ba, uwarsa da 'yan'uwansa ne. Su kuwa ba su san ki ba. Abin kawai za su ji."

"To in ya gani da kansa fa? Ai akwai tabo a cikina."

"A lokacin ai an wuce wurin," in ji Goggo. Ta nuna yadin da baki. "Ki yi wa wuyan tsawo, ya rufe nan."

Na ce to. Ku yi mini shaida, na ce to. Na yanka wuyan da tsawo.

Abin da ban gaya musu ba shi ne, kwana biyar ke nan ina tashi da ciwon kai. Ba irin na yunwa ko na rana ba. Wannan da asuba yake zuwa, ya danne goshi kamar an ɗora bulo, in na miƙe na yi ta zirga-zirga sai ya sassauta. Litinin na yi amai kafin in karya. Na wanke banɗaki da sauri, na ce wa Umma shayin daren jiya ne ya yi mini zaƙi.

Talata a shago na zo zura zare, sai na ga allura biyu. Na rufe ido na buɗe, biyu dai. Na yi ta soka zaren a wadda babu. Uwar ɗakina tana ninke wani labule mai ruwan zuma ta ce, "Ke kuma yau lafiya? Ko angon ne ya hana ki gani?" Sauran suka kwashe da dariya, ni ma na taya su.

Da aka tashi cin abinci na tura masa saƙo.

"Tabarau ɗinka ya fara yi mini wasa. Komai biyu nake gani."

Nan take ya amsa. "Rufe ido ɗaya. Har yanzu biyu?"

"A'a, ɗaya."

"Ɗaya idon fa?"

"Shi ma ɗaya. Sai na buɗe duka suke zama biyu."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya ci gaba.

"Wannan ba laifin gilashi ba ne. Ba aikina ba ne kuma. Ki ga likita gobe, ba jibi ba. Kanki yana ciwo?"

Na rubuta, "Kaɗan."

Laraba da sassafe na gaya wa Umma gaskiya, rabinta dai, ta ciwon kan. Ta jawo akwatin ƙarƙashin gado ta ciro tsohuwar jakar leda da take ajiye katin asibitina da hotunan kaina tun na jarirantaka, ta yafa mayafi a kan rigar da ta kwana da ita.

Likitana tsoho ne yanzu, gashinsa ya yi fari tas. Shi ya canza mini bututun ina ƙarama, kuma har yau "'yata" yake ce mini. Ya haska idona, ya danna tudun bayan kunnena, ya riƙe, ya saki. Ya sake dannawa. Sai ya rubuta takarda ya ce a ɗauko hoton kai yanzu, a kawo masa.

Ɗakin hoton yana ƙasa, ƙarshen wani dogon baranda mai sanyi. Umma ta zauna a benci, ni na shiga. Wata ma'aikaciya cikin shuɗin kaya ta juya mini baya tana gyara shimfiɗar gadon na'urar.

"Ki cire ɗankwali da 'yan kunne da duk wani ƙarfe," ta ce, sannan ta juyo ta miƙo hannu ta karɓi takardata.

Yayar Mai Tabarau ce.

Sau biyu na taɓa ganinta, sau ɗaya a shagonsa, sau ɗaya ta zo da kanta ta zaɓi labule a wurinmu don ta ƙare mini kallo. Na san a asibiti take aiki. Ban taɓa tambayar wane ɓangare ba.

"A'a! Amaryarmu? Me ya kawo ki nan?"

Kafin in haɗa amsa idonta ya sauka a takardar. Na ga yadda ta karanta layin farko, ta koma ta sake karantawa. Murmushin bai gudu gaba ɗaya ba, ya dai ja baya.

"Hau ki kwanta," ta ce. "Kan a nan. Kada ki motsa."

Ta zare mini ɗan kunnen dama da kanta, yatsanta ya taɓa tudun. Na kwanta ina kallon silin, gadon ya ja ni cikin zoben na'urar. Minti biyar ne, amma na san tana bayan gilashi tana kallon cikin kaina a allo, da farin layin bututun kwance a tsakiya. Abin da Goggo ta ce in rufe da wuyan riga, ga shi an buɗe wa dangin miji tun daga ciki.

Da aka gama ta miƙo mini 'yan kunnena a tafin hannu.

"Ya sani?"

"A'a, Yaya."

Ta gyaɗa kai. "Ni ba zan gaya masa ba. Aikina bai yarda ba, kuma ko ya yarda ba ni ya kamata ya ji daga bakina ba. Amma ki sani, ƙanena ne. Ranar Asabar ta sama ina cikin masu zuwa gidanku. Zan zauna a falonku in sha ruwanku, ana cewa yarinya lafiyarta ƙalau, ni kuma na ga wannan." Ta nuna allon. "Kada ki sa ni a wannan kujerar."

"Ina jin tsoro ne."

"Na sani. Je ki kai wa likita, yana jira. Kada ki tsaya a hanya, hoton nan ba na ajiyewa ba ne."

Ban gaya wa Umma wa na gani a ciki ba.

Likita ya duba hoton, ya jera shi da na shekarun baya. Sai ya juya bayan wata takarda ya ciro biro. Ya ce ya taɓa yi wa Umma wannan zanen ina goye a bayanta, yau ni zai yi wa.

"A cikin ƙwaƙwalwar kowa akwai ɗakuna huɗu masu ruwa," ya ce yana zanawa. "Biyu manya a sama, dama da hagu. Kowanne yana da 'yar ƙofa da take zubawa a na uku, nan tsakiya. Daga na uku akwai siririn lungu zuwa na huɗu, can ƙasa wajen ƙeya. Ruwan garau yake, kuma kullum jiki yana yin sabo, wajen rabin lita a yini. Dole wanda ya riga ya fita. To a ɗaki na huɗu akwai ƙofofi uku, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe. Ta nan ruwan yake fita ya zagaye ƙwaƙwalwa da lakar baya, jini ya shanye shi." Ya ja layi a kan ukun. "Naki ukun nan sanƙarau ya bar musu tabo, suka toshe. Shi ya sa muka sa bututu ya riƙa kwashewa zuwa ciki. Wannan na biyun, shekara goma sha biyar yana aiki. Yanzu ya fara toshewa, ruwa yana taruwa. Shi ne ciwon kan, shi ne allura biyun."

Umma ta ce, "Sai a canza wani ke nan."

"Ko a canza, ko mu gwada abin da ba mu da kayansa a wancan lokacin. Mu shiga da siririyar kyamara, mu buɗe sabuwar ƙofa a ƙasan ɗaki na uku, ruwan ya fita ta can. In ta yi aiki, wataƙila ba za ta sake bukatar bututu ba. Ba kowa take karɓa ba, musamman wanda ya yi sanƙarau. In ba ta karɓa ba, mu sa sabon bututu. Litinin za a kwantar da ita, Talata mu shiga. Kafin nan in barci ya fara rinjayarta da rana, ko amai ya ƙi tsayawa, ku kawo ta ko da wane lokaci ne."

"Likita," in ji Umma, murya ƙasa ƙasa, "ba za a iya ɗagawa zuwa bayan Asabar ta sama ba? Muna da baƙi."

Ya cire tabarau ya kalle ta. "Hajiya, baƙi suna iya jira. Idon yarinyar nan ba zai jira ba."

A cikin tasi Umma ta gama tsara komai. Za a ce ɗiyar yayata ce ba lafiya, na tafi jinya. A ɗaga zuwan da wata ɗaya. Gashin da za a aske ɗan kaɗan ne, ɗankwali zai rufe. Ta kira Goggo tun muna hanya, na ji Goggo tana cewa haka ya yi, Allah ya rufa asiri. Ni dai ina riƙe da takardar zanen, na ninke ta huɗu.

Alhamis ban je aiki ba. Da hantsi na ce wa Umma zan kai wa uwar ɗakina makullin durowa. Na sa doguwar riga baƙa da mayafi ruwan ƙasa, ban shafa komai a fuska ba, na wuce shagon tabarau.

Yana ɗakin baya, injin yankan gilashi yana ƙara. Da ya gan ni ya kashe.

"Kin ga likitan?"

"Na gani. Zauna, magana zan yi, kuma kada ka katse ni, in ka katse ni ba zan iya ƙarasawa ba."

Ya jawo kujera ya ba ni, shi ya zauna a kan kwali. Na buɗe takardar a kan teburinsa, tsakanin firam ɗin mutane, na yi masa bayani yadda aka yi mini. Ɗakuna huɗu, ƙofofi uku, sanƙarau, bututu. Na gaya masa Talata za a shiga da ni tiyata. Na gaya masa labarin malamin makaranta. Na gaya masa yayarsa ta gani jiya, kuma ba ta da laifi. Muryata ba ta yi rawa ba, abin har ya ba ni mamaki, kamar ina karanta wa mai saye awon taga.

Ya daɗe yana kallon zanen.

"Tudun nan na bayan kunnenki."

"Shi ne."

"Na ɗauka ƙashi ne." Ya shafa fuskarsa. "Da Yaya ba ta gan ki ba, yaushe za ki gaya mini?"

Ga inda zan iya yin ƙarya, kuma da ta zauna daram. Na ce, "Ban sani ba. Na so in faɗa ranar Lahadi, aka ce in bari sai an ɗaura. Na ce to."

"Kika ce to."

"Na ce to."

Ya tashi ya ɗauki wani firam ya ajiye, ya sake ɗauka. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ranar. Ba ya ɗaga murya, kunnuwansa ne suke motsi.

"Wata bakwai. Na gaya miki abin da ko abokaina ba su sani ba. Na gaya miki yadda na faɗi jarrabawa sau biyu, na gaya miki maganar mahaifina. Ke kina zaune kina jina, da wannan a kanki. Shekaranjiya ma na tambaye ki kanki yana ciwo, kika ce kaɗan. Da kin faɗi a hanya fa? Da a motata kika suma, me zan ce wa likita? In ce ban san komai ba, matar da zan aura ce?"

Na miƙa hannu zan ninke takardar.

Wani ya leƙo daga gaba yana tambaya ko nasa ya yi. Ya ce a ba shi minti goma. Ya juyo.

"Ki bar mini takardar nan. Ki hau tasi, kada ki tsaya jiran bas a rana."

Shi ke nan abin da ya ce. Na fito. Yinin ranar wayata tana hannuna, ko wanka da ita na shiga. Ba kira, ba saƙo. Na duba ya fi sau talatin, yana kan layi, ba ya rubutu. Na ce a raina, to Auta, wancan a hankali ya janye, wannan a yini ɗaya zai gama.

Juma'a da safe aka ce in je a ɗebi jini don shirin tiyata. Umma tana fama da ƙafa, na ce ta zauna zan iya. Ina fitowa daga ɗakin ɗibar jini, na danne auduga a hannu, sai na gan shi a benci. Farar riga, sukundireba a aljihu, da littafin rubutu na 'yan makaranta a cinyarsa.

"Har yanzu ina fushi," ya ce, tun kafin in gaishe shi. "Kada ki ɗauka ya wuce. Ina ofishin likitan naki?"

Likita ya ba mu minti goma tsakanin marasa lafiya biyu. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "'Yata, in yi magana a gabansa?" Na ce e.

Mai Tabarau ya buɗe littafin. Tambaya goma sha ɗaya ya rubuto, da lamba. Ko abin yana taɓa hankali. Likita ya ce wadda take gabanka ka ga alama? Ko ana gadonsa. Ya ce nata daga sanƙarau ne, ba a gadon tabo. Ko za ta iya haihuwa. Ya ce mata da yawa masu bututu sun haihu lafiya, sai dai a riƙa bibiya da likita tun farkon ciki. Ko zai iya sake toshewa bayan wannan aikin. Ya ce zai iya, ko sabuwar ƙofar ko sabon bututun, bana ko bayan shekara ashirin, ba wanda zai yi maka alkawari. Na ga biron ya tsaya a nan, sannan ya rubuta amsar kamar sauran.

Ta ƙarshe ita ce, "In ya toshe muna gida, me zan fara gani?"

Likita ya lissafa masa: ciwon kai da asuba, amai, gani biyu, barcin da ba na ƙa'ida ba. Shi kuma ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙasa. Ni kuwa kalma ɗaya na riƙe a cikin tambayar, "muna gida". Na kasa kallonsa, na koma kallon kalandar bango.

A mota ya ce, "Zan gaya wa Hajiyarmu yau. Ni da kaina, da littafin nan. Ba zan kawo ta gidanku a rufe ba."

"In ta ce a'a fa?"

"Ban sani ba. Ba zan ce miki ba komai ba, don uwata ce, kuma tana da tsoro irin na uwaye. Abin da na sani, Talata ina asibiti, ko ta ce e ko ta ce a'a. Sauran sai na ji bakinta."

Ya sauke ni a bakin layinmu. Ban so amsar ba, amma ta fi "Allah ya ƙara lafiya".

Na samu Goggo ta zo, suna falo da Umma suna shirya mini jakar asibiti: zani biyu, silifas, flas, sabulu. Ban zauna ba. Na tsaya a bakin ƙofa da mayafina na ce, "Na gaya masa. Jiya. Yau ma tare muka ga likita. Yanzu ya tafi gaya wa mahaifiyarsa."

Goggo ta saki silifas ɗin. "Kin kashe kanki, Auta. Da hannunki. Mu da muka haife ku ba mu san komai ba ke nan?"

"Yayarsa ce ta ɗauki hoton kaina, Goggo."

Umma ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ci gaba da ninke zanin da ta riga ta ninke, tana sake buɗewa.

"Ba don in cuce shi na ce ki yi shiru ba," ta ce can. "Ni na riƙe ki a layin asibiti kanki ya fi ƙarfin wuyanki, mata suna leƙowa suna jan 'ya'yansu gefe. Ba na so a sake kallonki haka. Shi ke nan."

"Na sani, Umma."

Bayan la'asar ina kicin ina wanke kofuna, wayar Umma ta yi ƙara a kan hannun kujera. Goggo ce ta fi kusa, ta ɗaga ta nisanta da idonta tana karantawa.

"Uwar yaron ce." Ta rage murya kamar za a ji ta. "Kada ki ɗauka yanzu. Ko ki ɗauka ki ce ƙaramin abu ne, yarinya ce ta zuzuta. Ki ce ciwon kai ne kawai."

Na fito da kumfa a hannu. Umma ta karɓi wayar, ta dube ni, ta goge tafinta a zani. Sai da ta kusa katsewa ta ɗauka.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da yara da gajiya. Sai Umma ta yi shiru tana saurare. Goggo tana ta yi mata alama da hannu.

"E, Hajiya," in ji Umma. "Gaskiya ya gaya miki. Bututu ne, a kanta yake. Tun tana da wata huɗu. Ni na ce ta ɓoye, ba ita ba."

A rayuwata ban taɓa jin kalmar a bakinta ba sai ranar.

Ta sake yin shiru. Na matso ina neman karanta fuskarta, ban samu komai ba. Sai ta miƙe, da ƙafar tata mai ciwo, ta nufi ɗaki da wayar a kunne.

"A'a, ba ki takura mini ba. Tambayi duk abin da kike so. Bari in zauna, labarin yana da tsawo."

Ta tura ƙofar ta rufe. Ni da Goggo muka tsaya a falo muna kallon ƙofar, ruwan kumfa yana ɗiga daga hannuna a kan kafet, ba wadda ta ce in goge.